Lafiya Uwar Jiki: Ko Ƙwayoyin Asali Na Iya Mayar da Guringuntsin Gwiwa?

 

Wasiƙar wani ɗan'uwa daga Damagaram ce ta zaɓa mana abin da za mu tattauna a wannan karon. Ya ce mahaifiyarsu ta shekara 6 tana fama da ciwon gwiwa, har ta kai ba ta iya durƙusawa, salla ma a kan kujera take yin ta. An yi mata hoton ƙashi, likita ya ce guringuntsin gwiwar ne ya cinye. Ana cikin haka sai ƙanensa da ke zaune a ƙasar waje ya aiko da labarin wani asibiti inda ake yin allura guda ta abin da suka kira ƙwayoyin asali, wai da an yi ta guringuntsin zai sake tsirowa, tsohuwa ta koma tana sujada kamar da. Kuɗin aiki da na jirgi da na masauki sun tasam ma miliyan 4 na sefa, kuma ba su da hanyar samunsu sai sun sayar da gonar da mahaifinsu ya bari. Gida ya rabu biyu. Masu cewa a sayar suna ganin ba abin da ya fi ƙarfin uwa, masu cewa a dakata kuma ana yi musu kallon marowata. Tambayoyinsa biyu ne: maganin gaskiya ne? In gaskiya ne, ya halatta?

Mun san ba gidansu kaɗai ke cikin wannan hali ba, don haka za mu bi maganar daki-daki.

Mene ne guringuntsi?

Duk wanda ya taɓa gyaran naman layya ya ga wani farin abu mai santsi da sheƙi a kan ƙarshen ƙashin cinyar rago. Irinsa ne ke shimfiɗe a gaɓoɓinmu. A gwiwar mutum kaurinsa bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba, amma shi ke hana ƙashi gogar ƙashi, shi ke ɗaukar nauyin jiki a kowane taku na tsawon rai. Mafi yawansa ruwa ne da ke riƙe cikin wata saƙa mai ƙarfi ta zaren da likitoci ke kira kolajin, kuma ƙwayoyin halitta masu rai da ke cikinsa ƴan kaɗan ne ƙwarai, kowace tana kulle a ɗan gurbinta.

Abin da ya raba shi da sauran sassan jiki shi ne babu jijiyar jini a cikinsa. In fata ta yanke, jini ne ke kawo kayan gyara, shi ya sa miki ke warkewa. In ƙashi ya karye, haka nan. Guringuntsi kuwa abincinsa daga ruwan gaɓa yake samu, yana tsotsarsa yana fitarwa kamar soso duk lokacin da aka taka aka ɗaga. In ya tsage ko ya ɓantare, ba mai kawo masa ɗauki. Tun a 1743 wani likitan Birtaniya mai suna William Hunter ya rubuta cewa guringuntsin da ya lalace ba ya komawa, kuma maganarsa ta daɗe ba a sami mai tankwara ta ba.

Lalacewar iri biyu ce, kuma wannan bambanci shi ne ginshiƙin maganar baki ɗaya. Iri na farko rami ne guda, kamar na matashin da ya murɗe gwiwa a filin ƙwallo ko ya faɗi daga babur: wuri ɗaya ya ɓantare, sauran gaɓar lafiya lau. Iri na biyu shi ne wanda masu Faransanci ke kira arthrose, mu kuma muke cewa amosanin gaɓɓai ko sanyin ƙashi. Shi wannan ciwo ne na gaɓa gaba ɗayanta: guringuntsi yana sirancewa a ko'ina, ƙashin da ke ƙarƙashinsa yana taurara yana fitar da tsiro, rufin gaɓar yana kumbura, wani lokaci ƙafa ta gwame. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ne ke ɗauke da shi, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa, kuma kashi 60 cikin 100 mata ne. Na farkon kamar ɓula ce a sabuwar tabarma, ana iya yi mata faci. Na biyun kamar tabarmar da ta tsufa ce, ga ƙasan ɗakin ma ya zaizaye. Mahaifiyar mai wasiƙarmu tana cikin na biyu.

Yadda aka fara neman gyara

A 1959 wani likitan tiyata a Ingila, Kenneth Pridie, ya bayyana dabarar huda ƙashin da ke ƙarƙashin ramin domin jini da ɓargo su ɓullo su cike shi. Richard Steadman na Amurka ya gyara dabarar a shekarun 1980, kuma har yau ana yin ta. Ramin yakan cike, sai dai abin da ke cike shi ya fi kama da tabo, ba ya kai guringuntsin asali ƙwari, kuma sau da yawa yakan fara sassautawa bayan ƴan shekaru.

Daga nan sai likitocin birnin Gotenbag na ƙasar Suwidin, Lars Peterson da Mats Brittberg da abokan aikinsu, suka zo da wata hanya. A ɗebi ɗan guringuntsi daga gefen gaɓar inda nauyi ba ya sauka, a raini ƙwayoyinsa a ɗakin bincike na ƴan makonni har su kai miliyoyi, sannan a mayar da su cikin ramin a rufe. Sun fara yi wa mutum a 1987, suka buga sakamakon majiyyata 23 a 1994. Wannan hanya ta karɓu: hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wani sabon salonta mai suna MACI a 2016, Tarayyar Turai kuma ta amince da Spherox a 2017. A birnin Bazel na Suwizalan ma an gwada ɗebo guringuntsin cikin hanci a raine shi a dasa a gwiwa, aka buga sakamakon mutum 10 na farko a 2016. Amma duk waɗannan tiyata ce, an yi su ne domin rami guda a gaɓar da ke da sauran lafiya, kuma bayan aikin sai an yi watanni ana motsa jiki a hannun masana kafin a koma tafiya sosai.

To, ina ƙwayoyin asali suka shigo?

Ƙwayar asali, wadda ake kira cellule souche da Faransanci, ita ce ƙwayar halittar da ba ta riga ta kama sana'a ba. Tana iya haifar irinta, tana kuma iya rikiɗewa ta zama wata ƙwaya mai aiki na musamman. Wadda aka fi sani ita ce ta cikin ɓargo mai haifar jini. Dashen ɓargo magani ne tabbatacce ga sankarar jini da wasu cututtukan jini, har da sikila a wasu majiyyata, kuma saboda shi aka ba E. Donnall Thomas lambar Nobel a 1990. Wannan nasara ta gaskiya ita ce ta ba sunan kwarjini, kuma da kwarjinin nan ake tallar abubuwan da ba su kai matsayinta ba.

A shekarun 1960 da 1970 wani masanin Tarayyar Sobiyet, Alexander Friedenstein, ya gano cewa a cikin ɓargo akwai wasu ƙwayoyin dabam da ke iya zama ƙashi. Daga baya aka ga cewa a ɗakin bincike suna iya zama guringuntsi ko kitse, kuma ana samun irinsu a kitsen jiki da cibiyar jariri. Arnold Caplan na Amurka ne ya raɗa musu sunan da suka shahara da shi a 1991. Fatan da aka yi a bayyane yake: a zuba su a gaɓa, su zauna, su zama sabon guringuntsi.

Jiki kuwa ba kwanon gwaji ba ne. Da aka bi diddigi sai aka tarar mafi yawan ƙwayoyin da aka yi allurarsu a gaɓa ba sa daɗewa a ciki. Abin da suke yi kafin su gushe shi ne fitar da wasu sinadarai masu kwantar da kumburi. Caplan da kansa ya rubuta a 2017 yana neman a sauya musu suna, domin kalmar "asali" tana sa majiyyata su ɗauka za su tsiro musu da sabon nama, alhali aikinsu ya fi kama da na ɗan aike.

Abin da gwaji ya nuna

Hausawa na cewa sai an gwada akan san na ƙwarai. A 2002 Shigeyuki Wakitani na Japan ya buga gwajin da ya yi wa mutum 24 masu amosanin gwiwa waɗanda aka yi wa tiyatar miƙe ƙafa. Rabinsu an dasa musu ƙwayoyin ɓargonsu. Da aka leƙa gaɓar daga baya, wurin ya fi kyan gani a waɗanda aka dasa wa, amma wajen sauƙin ciwo ba a ga wani bambanci mai ƙarfi ba.

A 2012 Koriya ta Kudu ta amince da Cartistem, wanda ake yi da ƙwayoyin da aka samo daga jinin cibiyar jarirai. Guus Hiddink, mai horarwar da ya kai ƙasar wasan kusa da na ƙarshe a gasar cin kofin duniya ta 2002, yana cikin waɗanda aka yi wa a 2014. Sai dai a lura, shi ma ta hanyar tiyata ake sa shi: a buɗe gaɓa, a huda ƙashi, a cusa ƙwayoyin a wurin da ya lalace.

Ita kuwa allurar da ake tallatawa, an yi mata gwaji babba a Amurka, aka buga sakamakonsa a 2023 a mujallar Nature Medicine. An raba majiyyata kimanin 480 gida huɗu. Na farko aka yi musu allurar ƙwayoyin ɓargonsu, na biyu na kitsensu, na uku na cibiyar jarirai, na huɗu kuma allurar kotizon da aka saba da ita, wadda ba ta da tsada. Bayan shekara guda kowane rukuni ya sami ɗan sauƙi, amma babu ɗaya daga cikin ukun da ya fi kotizon, kuma hoton gaɓa bai nuna guringuntsi ya dawo ba. A 2025 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwaje ta auna su, ta duba gwaji 25 da suka ƙunshi mutum sama da 1,300. Abin da ta samu shi ne allurar tana iya ɗan rage ciwo, hujjar hakan ma mai rauni ce, kuma ba a tabbatar tana tsayar da lalacewar gaɓa ba. Tun a 2019 ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka ta ba da shawara mai ƙarfi cewa kada a riƙa yin wannan allura ga masu amosanin gwiwa da na ƙugu.

Wani zai ce: ai mun ga wanda aka yi wa, ya kuma ji sauƙi. Ba mu ƙaryata shi ba. Ciwon gwiwa yana hawa yana sauka da kansa, mutum kuma ya fi neman magani a lokacin da ciwon ya tsananta, ga hutun da tafiyar ta ba shi, ga ƙarfin zuciyar wanda ya kashe dukiya. A gwaje-gwaje an sha ganin waɗanda aka yi wa allurar ruwan gishiri kawai sun ji sauƙi na watanni. Dalilin da ya sa ake raba majiyyata gida-gida a kwatanta ke nan.

Bincike bai tsaya ba. A 2006 Shinya Yamanaka na Jami'ar Kyoto ya gano yadda ake mayar da ƙwayar fata ta koma ƙwayar asali, ya yi hakan da ƙwayoyin mutum a 2007, aka ba shi lambar Nobel a 2012. A 2020 hukumomin Japan suka ba da izinin gwada dasa guringuntsin da aka raina daga irin waɗannan ƙwayoyi a gwiwar mutane ƴan kaɗan. Muna fata Allah ya sa a dace, amma wannan gwaji ne, bai zama maganin da ake rubuta wa kowa ba.

Akwai kuma hatsari. A 2018 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton mutum 12 da aka kwantar a asibiti bayan an yi musu allurar ƙwayoyin jinin cibiya da suka gurɓata, wasunsu gaɓar ce ta yi ruwa. A 2017 an buga labarin mata uku a jihar Florida da ganinsu ya lalace bayan an yi musu allurar ƙwayoyin kitse a ido. Garin neman gira aka rasa ido. Shi kuwa garin nan da ake yawo da shi gida-gida cikin ƴan ƙunsuna ana cewa ƙwayoyin asali ne na tuffa ko inabi, ku sani ƙwayar itace ba ta zama naman mutum, kuma duk abin da aka haɗiya ciki ne zai narkar da shi kamar sauran abinci.

Matsayin shari'a

Tambaya ta biyu malamai sun riga sun duba ta. Muhawarar ta taso ne bayan 1998, lokacin da James Thomson na Amurka ya fitar da ƙwayoyin asali daga ɗan tayin mutum mai ƴan kwanaki. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami, a zamanta na 17 a Makka cikin Disamba 2003, ta yanke cewa ya halatta a samo ƙwayoyin asali a raine su domin magani ko bincike matuƙar tushensu halal ne. Ta lissafa baligi da izninsa in ba zai cutu ba, da yaro da iznin waliyyinsa, da mabiyiya da cibiya da iznin iyaye, da ɗan tayin da ya ɓare da kansa, da rarar ƙwan da ya saura wa ma'aurata bayan dashen ciki in sun yarda. Ta haramta wanda aka samo daga cikin da aka zubar da gangan ba da uzurin shari'a ba, da wanda aka haɗa daga ƙwan wata da maniyyin wani domin wannan buƙata, da kwafar halitta.

Ke nan ƙwayoyin ɓargo da na kitse da na cibiya, waɗanda su ne ake sa wa a gwiwa, ba su da matsala ta wajen tushe. Abu ɗaya da ya kamata a tambaya shi ne shimfiɗar da ake ɗora ƙwayoyin a kai a wasu ayyukan tiyata: ta MACI daga jikin alade ake yin ta, kuma malamai sun yi magana a kan irin wannan ta fuskar larura da rikiɗewar abu, sai a kai wa malami cikakken bayani. Halaccin tushe kuma bai isa ya sa a kashe dukiya ba, domin shari'ar da ta kwaɗaitar da neman magani ita ce ta hana almubazzaranci da cinikin abin da ba a san haƙiƙaninsa ba.

Amsarmu ga ɗan'uwa

Malam, shawararmu ita ce kada ku sayar da gonar nan saboda wannan allura. Abin da aka yi muku alkawari, wato tsirowar guringuntsi a gwiwar da amosani ya cinye, gwaji bai tabbatar da shi ba. Ƙanenku niyyarsa kyakkyawa ce, a gode masa, a nuna masa wannan bayani cikin lalama. Masu cewa a dakata su ma ba ƙin Hajiya suke yi ba. Biyayya ga uwa tana cikin zaɓar mata abin da zai amfane ta, ko da ba shi ne mafi tsada ba.

Ga abin da aka tabbatar yana taimako. In tana da ƙiba, a rage: bincike ya nuna kowane kilo ɗaya da aka sauke yana rage wa gwiwa nauyin kimanin kilo 4 a kowane taku. A ƙarfafa naman cinya, domin shi ne majinginar gwiwa: ta zauna a kujera, ta miƙe ƙafa sambal, ta ƙirga 10, ta sauke a hankali, sau 10 kowace ƙafa, safe da yamma. Ta riƙa ɗan tattaki kullum gwargwadon iyawarta, tun da guringuntsi da motsi yake cin abinci, zama wuri ɗaya kuwa ƙara sandarar da gaɓa yake yi. Ta riƙe sanda a hannun da ke ɗaya gefen, watau in gwiwar dama ce a riƙe ta da hagu. A yi mata mazauni mai tudu a ban-ɗaki, a ɗauke mata daka da tsugunno a gaban murhu. Wannan aikin ƴaƴa da jikoki ne, kuma ba ya buƙatar biza.

Magani kuwa likita ne zai rubuta. A nisanci sayen ƙwayoyin ciwon jiki a hannun ƴan tebur ana sha kullum, domin irinsu diklofenak suna jawo gyambon ciki suna taɓa ƙoda, musamman ga tsofaffi da masu hawan jini. Na shafawa ya fi sauƙin illa. Allurar kotizon tana ba da sauƙi na ƴan makonni, amma wani gwaji da aka buga a 2017 ya nuna yin ta duk wata uku har shekara biyu yana ƙara sirantar da guringuntsi, saboda haka ba abin yawaitawa ba ce. In gwiwa ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, ga zazzaɓi, a tafi asibiti a ranar.

In kuma likitan ƙashi ya duba ya ce gaɓar ta ƙare, ciwo na hana ta barci, to aikin da ya daɗe da tabbata shi ne sauya gaɓar da ta ƙarfe da roba. Wani nazari da aka buga a mujallar Lancet a 2019 ya nuna kimanin 8 cikin 10 na irin waɗannan gwiwoyi suna kai shekara 25 suna aiki. Ba lalle ta koma durƙusawa ba, amma mafi yawan waɗanda aka yi wa suna samun sauƙin ciwo da tafiya. In har za a taɓa gona, a kan irin wannan ya dace a zauna a yi shawara, da Hajiya a wurin, tun da gwiwar tata ce, kuma tana da rabo a gonar.

Duk wanda aka yi wa tayin ƙwayoyin asali ya tambayi abu huɗu: daga ina aka samo su? Wace hukumar magunguna ce ta amince da su domin wannan ciwo takamaimai? A wane gwaji aka kwatanta su da wani magani, me aka samu? In abu ya ɓaci bayan an dawo gida, wa zai ɗauki nauyi? Likitan kirki ba ya jin haushin tambaya. Wanda ya ce allurarsa guda tana maganin gwiwa da suga da shanyewar ɓarin jiki da rashin haihuwa, a yi masa sallama.

Abu na ƙarshe shi ne zuciyar Hajiya. Mun sani a gidajenmu cewa abin da ya fi damun iyayenmu sau da yawa shi ne rashin sa goshi a ƙasa. A tunatar da ita abin da malamai suka haɗu a kai, cewa wanda ya kasa tsayuwa ya yi salla a zaune, wanda ya kasa sujada ya yi nuni, sallarsa ta cika, kuma ana rubuta wa marar lafiya ladan abin da ya saba yi lokacin da yake da lafiya.

Allah ya ba ta lafiya, ya ba dukan marasa lafiyarmu, ya haɗa kan zuriyarta. Muna jiran wasiƙunku. Sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.